Surayya Ta Dawo Daga Yaye

Litinin, 30 ga Yuni, 2025

Yau sati uku da dawowar Surayya daga yaye, kuma har yanzu ban ji kalma ɗaya ta mutane ta fito daga bakinta ba. Shekara biyu da wata bakwai. Yayanta Muzzammil a shekarunta har rashin kunya ya iya. Yayarta Amatullahi kuwa ba a magana, ita kamar da surutunta aka haife ta.

Laifina ne da na yarda aka kai ta Maruda, rugar su Abbansu can bayan Gwandu. Sati biyu aka ce. Sati biyu ya koma wata biyar, don duk ranar da na aika a ɗauko ta sai Inna, surukata, ta samo dalili. Yarinya ba ta gama manta nono ba. Azumi ya zo. Zafi ya yi yawa a hanya. A bari a yi salla. An yi ƙarama, an yi babba, sannan aka dawo mini da ita nan Kalgo ta yi ɓul-ɓul, tana warin man shanu, tana kallona kamar baƙuwa.

Ba shiru take yi ba. Yini take tana gwaranci, har da nuna yatsa da ɗaure fuska. Amma a ce "Umma, ruwa", ko "ba ni", babu. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane karatu a aji biyu, tawa ta gagare ni. Tsoro nake ji, gara in rubuta shi a nan tunda ba mai karantawa.

Laraba, 2 ga Yuli

Tun haihuwar Muzzammil Abbansu ya kafa doka: shi Fulatanci zai riƙa yi wa yara, ni Hausa. Na yarda, lokacin ina sabon aure, ko cewa ya yi mu koma kan bishiya da zama zan yarda. Shekara goma sha ɗaya ke nan, Fulatancina bai wuce gaisuwa ba, ita ma in an ja ta da tsawo sai in koma murmushi.

Ga amfanin dokar yau. Muzzammil ya ce zai bi abokansa gulbi kallon masu jefa taru. Na ce a'a, ruwa ya fara cika. Ana haka Abbansu ya kira daga Zuru, inda aka tura su allurar dabbobi tun kafin a dawo da Surayya. Na miƙa wa yaron waya na ce ya faɗa wa ubansa da bakinsa. Suka yi ta yi da yarensu, ina jin muryar uban da kauri-kauri, na ce madalla, yau ya sha faɗa. Da ya ajiye har na ƙara da cewa, "To ka dai ji abin da Abbanka ya ce, shi za ka yi."

Shi ya yi kuwa. La'asar ya dawo da laka har gwiwa. "Umma, ke da Hausa kinka hana. Abba da Hillanci yab bari, kuma ke kinka ce in bi tashi." Ashe cewa ya yi da uban za su je kallon kifi, bai ambaci gulbi ba, uban ya zaci kasuwa.

Ban doke shi ba. Na rasa ta inda zan fara.

Asabar, 5 ga Yuli

Larai maƙwabciyata, wadda nake bar wa Surayya in zan tafi makaranta, ta shigo da ɗanta. Wata uku Surayya ta ba shi, amma ya iya cewa "Allah ya isa". Larai ta sa shi ya faɗa sau uku don in ji da kyau.

Ta ce, "Ke Sa'a, kai guda na ga yarinya. Wanga na zuba mata Hausa, wancan na zuba mata Hillanci, can makaranta Turanci na jiran ta. Wane za ta kama? Ai dole ta rikice."

Na ce manyan ai ba su rikice ba. Ta ce su ba a kai su ruga wata biyar ba.

Muna cikin haka Surayya ta zo ta ja mini zane, tana nuna Muzzammil, tana zuba gwarancinta da zafi. Sai wani tunani ya zo mini, na ce wa Amatullahi, ko Fulatanci take yi? Amatullahi ta dubi yayanta, ta dube ni. "A'a Umma, wanga ba Hillanci ba na. Shirmenta ɗai na." Muzzammil ya gyaɗa kai har yana cewa abin tausayi.

Talata, 8 ga Yuli

Gwangwanin madara ya kai rabi, kuma shekaranjiya na buɗe shi. Aljanun gidan nan da cokali suke zuwa.

Juma'a, 11 ga Yuli

Na gaya wa Abbansu a waya cewa hankalina ya tashi. Dariya ya yi. Wai Inna ta ce a ruga yarinyar cika su take da surutu. Na ce Inna ai har saniyarta cewa take tana gaishe ta da safe. Ya ce ƙila Fulatanci ne. Na ce na tambayi manyan malamansa biyu, sun ce ba shi ba ne. Ya ce a ba ta wayar. Na kanga mata a kunne, yana ta magana, ita tana lasar bayan wayar.

"Ki ƙyale ta, za ta yi. Mu ma haka munka tashi." Shi ke nan maganarsa, daga Zuru, inda ba shi ne ake kallo da ido a gidan suna ba.

Na ajiye waya na tara su a tsakar gida. Na ce daga yau babu Fulatanci a gidan nan sai ranar da Surayya ta yi magana. Harshe ɗaya, kowa ya ji kowa. Wanda na kama, muciya. Na ɗaga muciyar ma don su ga ba wasa nake ba.

Raina ya yi sanyi bayan nan. Karon farko da na ji ni ce uwar gidan.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ban san lauyoyi na haifa ba.

Da safe na same su a bakin zaure, ƙafa ɗaya a waje, suna yi ƙasa-ƙasa. Wai "a gidan nan" na ce, su kuma ga su a waje. Na faɗaɗa doka har bakin titi.

Da hantsi na ji Amatullahi tana yi a bayan ɗaki. Na zagaya da muciya, ta ce ba da mutum take yi ba, da akuya take. "Daga ruga anka kawo ta, Umma, ba ta jin Hausa. In ban gaya mata ba shanyarki za ta ci." Na ce akuyar ma ta koyi Hausa, ko ta koma garinsu.

Bayan azahar suka koma Turancin makaranta, wanda duk su biyun ba su iya ba. Wannan na bar su, don ni ma na samu abin dariya.

Sau biyu na ɗana wa Muzzammil muciya a ƙafa, sau ɗaya Amatullahi. Surayya tana zaune kan turmi tana kallon komai, ba ta ko ƙifta ido.

Alhamis, 17 ga Yuli

Iya, mahaifiyata, ta zo daga cikin gari. Larai ta riga ta kai mata labari da ƙari. Ko mayafi ba ta cire ba ta kama haɓar Surayya tana son ganin ƙarƙashin harshe. Yarinya ta datse haƙora.

"Linzami na," in ji Iya. Wai wata 'yar tsoka ce ke riƙe harshe ta ƙasa, sai an tsaga ta yaro ke magana. "Ƙanenki ma haka yay yi. Ɗalha wanzami yac cire mai, kwana ukku yaf fara zagin mutane."

Na ce a bari in kai ta asibiti tukuna. Ta ce na kai manyan asibiti ne kafin su yi magana? Na ce a jira Abbansu. Ta ce mutanen Abbansu ne suka ɓata yarinya, ba su za a jira ba. Ta sa rana da kanta, Asabar ta sama, da safe.

Ba na son a sa wa 'yata aska a baki. Amma in Iya ce ke da gaskiya fa, na hana, yarinya ta tashi haka? Ban ce e ba, ban ce a'a ba, kuma a wurin Iya wannan e ne.

Litinin, 21 ga Yuli

Sai yau na lura. Gwarancin ma ya tsaya.

Na tambayi Larai, ta ce ai ta kwana biyu ba ta ji bakinta ba, ta ɗauka na sani. Da na ƙirga baya, tun washegarin ranar muciya ne. Ba ta ja mini zane, ba ta nuna kowa. In tana son ruwa sai ta je gindin randa ta tsaya har wani ya gani.

Gida ya yi tsit yadda na daɗe ina roƙo, kuma ba na jin daɗinsa ko kaɗan.

Laraba, 23 ga Yuli

Tuwo loma biyu ta ci. Na yi mata wasa, na yi waƙa, na yi kukan akuya har Muzzammil ya leƙo. Kallona kawai take.

Asabar, 26 ga Yuli

Abin da ya faru yau sai na rubuta shi.

Malam Ɗalha ya zo da zabirarsa wajen ƙarfe takwas, Iya na gaba. Aka shimfiɗa tabarma, ya baje kayansa, ya ɗauko wata 'yar aska yana gogawa. Iya ta ɗora Surayya a cinya ta matse ƙafafunta. Yarinyar ko kuka ba ta yi ba, ni ce na juya baya ina kallon bango.

Sai na ji kuka, amma ba nata ba. Amatullahi ce ta shiga tsakanin wanzami da ƙanwarta ta tsaya, majina har baki.

"Kar a yanke ta. Wallahi ta iya magana. Hillanci takai. Ƙararmu takan kawo miki."

Daga nan komai ya zubo. Madara, su ne, da cokalin shayi, kullum in na shiga wanka. Filas ɗin da ya fashe na ɗora wa akuya laifinsa, ƙwallon Muzzammil ce. Gulbi kuwa ba sau ɗaya ya je ba, sau huɗu. Duk abin nan Surayya tana gani, tana zuwa ta ja zanena ta faɗa mini tiryan-tiryan, da sunan mai laifi da inda aka yi. Ni kuma in juya in tambayi masu laifin me ta ce. Wai maganar tata ta yara ce, tana cinye rabin kalma, shi ya sa ba ta yi mini kama da ta Abbansu ba. Su dai suna ganewa sarai.

Na waiga neman Muzzammil, yana kan katanga, ƙafa ɗaya ta riga ta tsallaka. Iya ce ta jawo shi ta wando.

Malam Ɗalha ya lallaɓa ya duba bakin duk da haka. Ya ce, "Hajiya, harshen ɗiyag ga ya hi nawa lahiya." Don kada zuwansa ya tashi a banza Iya ta sa ya yi wa Muzzammil aski tal-kwabo, yana kuka ana yi.

Na so in yi dariya, na so in kashe su, na so in shige ƙasa. Iya ta tafi tana cewa ita dama ta san ba linzami ba ne.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne wannan. Na ce wa Amatullahi na ba ta izini, ta yi wa ƙanwarta magana da Fulatanci in ji. Ta durƙusa ta yi, ta sake yi. Surayya ta buɗe baki kamar za ta amsa, sai ta dube ni, ta dubi inda nake rataye muciya, ta rufe bakinta.

Lahadi, 27 ga Yuli

Na goya ta na kama hanyar Maruda, manyan na bar su wurin Iya su ƙarasa karɓar hukunci. Mota biyu kafin Gwandu, daga nan babur, gero ya kai ƙugu hagu da dama, hanya duk ruwa. Ban gaya wa Abbansu ba. Ban shirya jin "ai na faɗa miki" ba.

Mun sami Inna a gindin bishiya tana kaɗa nono. Tun kafin in kwance goyo Surayya ta fara zillo. Ƙafarta na taɓa ƙasa ta ruga ta faɗa jikin tsohuwa, sai baki ya buɗe. Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Magana take ba numfashi, tana ƙirgawa da yatsu, tana kwaikwayon yadda ake ɗaga muciya. Inna tana amsa mata da natsuwa kamar mai sauraron babbar mace. Ni ina durƙushe gefe da gaisuwata da ba a gama amsawa ba, ina jin muryar 'yata, ban san me take cewa ba. Daɗi da kishi suka haɗu mini lokaci guda.

Tsakanina da Inna akwai kunya, a shekara goma sha ɗaya ba mu taɓa doguwar hira ba. Amma yau na ajiye kunyar na ce, "Inna, don Allah mi take cewa?" Inna ta iya Hausa sarai, shekara talatin tana sayar da nono a kasuwar Gwandu.

Ta rufe baki da gefen mayafi. "Ta ce Muzzammil ɓarawon madara na. Ta ce gidanku babu saniya ko guda, akuya ɗai, ita ma ba ta da hankali."

Na yi dariya. Surayya ta ƙara wata maganar a hankali, tana satar kallona. Wannan karon Inna ba ta fassara ba, ta ci gaba da kaɗa nononta. Sai da na tambaya sau biyu.

"Ta ce Ummanta kurma ta. Ta yi ta kiran ki, ta yi ta gaya miki, ba ki ji. Ta ce in ba ta magani ta kai miki."

Na ce bari in je in ga 'yan maruƙa. Na zagaya bayan bukka na yi kuka mai isata, wani ɗan maraƙi yana kallona yana tauna igiyarsa. Wata ɗaya da rabi ina yawo da ita ina cewa ba ta magana, ita kuma tana tausayina.

Da za mu taho Inna ta ce in yarinyar ta yi mini nauyi in bar ta zuwa kaka. Na ce a'a tun kafin ta rufe baki, har ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi mini faɗan dokar ba, ko da yake na san an kai mata rahoto cikakke. Abin da ta ce kawai, "Hausa za ta ji ko kin so ko ba ki so, garinku duka Hausa na." Ta ƙulla ɗan man shanu a leda ta damƙa wa Surayya a hannu, suka yi ƙus-ƙus. Har muka iso Kalgo ba ta saki ƙullin ba.

Talata, 29 ga Yuli

Abbansu ya ji labari daga ruga. Ya kira, ya fara da "ai na", na ce abincina yana ƙonewa.

Ban ɗage doka ba. Mantawa dai nake yi in tuna musu. Muciya kuma ta koma aikinta na tuƙa tuwo.

Asabar, 2 ga Agusta

An yi hutu. Jiya na zaunar da Amatullahi wai zan duba sakamakonta, na tambaye ta kalmomin Fulatanci biyu-uku. Na rubuta su a bayan littafin nan, goma sha huɗu ne yanzu. Ba koyo nake ba, ina ni ina Fulatanci da girmana. Don kama masu laifi ne kawai. Ita ma malamar tawa ban gama yarda da ita ba, duk abin da ta faɗa sai na tambayi Muzzammil daban in ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Yau da hantsi ina zaune ina tsince shinkafa, sai na ji abu mai sanyi a kunnena. Surayya ce ta hau turmi, ta kwance ƙullin Inna, tana cusa mini man shanu da ɗan yatsa. Ta cika na dama, ta sauko, ta ja turmin, ta cika na hagu. Mai yana bin wuyana har cikin riga. Ban motsa ba.

Da ta gama ta zagayo gabana ta kama fuskata da hannayenta masu maiƙo. Ta faɗi wani abu da ƙarfi, a rarrabe, yadda ake yi wa tsofaffi. Ban gane ko ɗaya ba. Amma a cikin goma sha huɗun nan akwai yadda ake cewa "na ji", sai na ce, "Mi nani."

Ta tsaya. Ta leƙa kunnen, ta dube ni. Sai ta gyara zama a cinyata ta fara zuba labari, ina jin tun daga farko, don na tsinci sunan Muzzammil sau shida. Shinkafa ba ta dahu ba sai bayan azahar.

Yanzu na jawo wa kaina. Yarinya ta yarda magani ya ci, gobe za ta tambaye ni wani abu kuma ta jira amsa. Bari in kira Amatullahi kafin ta fita wasa.